Magagarin Baba

Talata, 12 ga Janairu, 1943, da yamma

Yau ma sun yi. Daga miyar kabeji suka fara, suka ƙare a kan bindiga, kamar kullum. Baba ya sa cokali a kwano ya karkaɗa, ya ce, "Kin ji, Tasya? Kukan bindigar mijinki ke nan. Kwaram-kwaram, sai ka ce an ɗaura wa kare gwangwani a wutsiya."

Gleb bai ko ɗago kai ba. "Maigida, sha miyarka kada ta huce."

Shekararmu bakwai da aure, har yau maigida yake ce masa, tun zamanin da yake yaron shagon Baba a Tula, garinmu na maƙeran bindiga, yana share masa garin ƙarfe. Yanzu Gleb ne injiniya, shi ya zana ƙaramar mashingar da masana'antar nan take zubarwa dare da rana. Baba kuwa, wanda a da manyan hafsoshi suke jira wata da watanni ya ƙera musu bindigar farauta, yana can layin haɗi cikin mata yana bin zanen yaronsa. Abin da yake cinsa ke nan, ba sanyi ba, ba yunwa ba.

"Ai da gangan na yi ta sako-sako," in ji Gleb, kamar yau ya fara faɗa. "Laka ta samu wurin zama, ƙanƙara ta samu wurin zama. Fallen ƙarfe ne, inji ya danne, a ɗiga walda, shi ke nan. Matar da jiya take tatsar saniya yau za ta haɗa ta. Kuma kowane gidan harsashi ya shiga kowace bindiga. Iyakar hikimar ke nan, maigida, babu wata."

"Hikima," in ji Baba. "Ai bokiti ma da tasa hikimar."

Ɗaki ɗaya aka ba mu tun da jirgin ƙasa ya juye mu a garin nan da injunanmu, labule ne ya raba shi biyu. Kafaɗuna kamar ba nawa ba saboda wuni a gindin injin danna ƙarfe, amma babu wanda ya tambaye ni. Na kwashe kwanuka.

Alhamis, 14 ga Janairu, da yamma

Tun kaka Baba yake ɗingishi. Na ce ƙafa ce? Ya ce tsufa ne.

Yau na ɗauki takalmansa na ulu zan jingina a murhu su bushe. Na dama ya fi na hagu nauyi. Na mayar da shi inda na same shi.

A bangon layin haɗi akwai allo da jan fenti: an hana magagari a nan. Gleb ne ya sa aka kafa shi, don kada wani ya goge ƙarfe ya sauya awon zanensa. Ranar da aka bi teburi-teburi ana karɓa, tsofaffin Tula sun miƙa nasu, wani har da hawaye. Baba ya miƙa biyu. Ban taɓa ƙirga nawa ya taho da su daga gida ba, kuma ba yau zan fara ba.

Ban ga komai ba.

Asabar, 16 ga Janairu, da yamma

Klava, wadda muke inji ɗaya da ita, ba ta iya cin burodi baki rufe. Yau a ɗakin cin abinci ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke matar injiniya, babanki fa hatsabibi ne."

Na ce me kuma ya yi?

"Bindigogin teburinsa ba sa magana! Namu kina girgizawa kina jin kamar amalanken gwangwanaye, nasa kuwa tsit. Ɗazu hafsan da yake karɓar kaya ya ɗauki ɗaya, ya tura gidan harsashi, ƙas, ya zauna daram. Ya ce da duka haka suke da tuni an gama yaƙi. Wai hotonsa za a manna a allon jarumai, shi da tsofaffin nan biyu na gefensa. Ki ce masa ya aske gemu, kada a zaci tsohon bunsuru aka karrama."

Na yi dariya don kada ta ga wani abu a fuskata. Kowace bindiga da gidajen harsashinta biyu ake gwada ta, da su ake rufe ta a akwati. Idan sun shiga, ta ci jarrabawa. Babu mai lokacin gwada na wata a cikin wata.

Baba ya dawo gida ya sa rigarsa ta ranar biki, ya zauna yana shan ruwan zafi kamar shayi ne. Ina ɗinkin safa na ji Gleb ta bayan labule yana magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, tun kaka muka yi maganar nan."

"Mun yi."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi maka alkawari ba zan ɓata maka aiki ba. Na ɓata?"

Na ci gaba da ɗinkina. Safar ta Gleb ce, duga-duganta sun cinye.

Litinin, 18 ga Janairu, da sassafe

Sanyi har yatsa yana manne wa ƙarfe. An manna hoton.

Laraba, 20 ga Janairu, da yamma

An dawo da akwati daga bakin daga. Ba a taɓa dawo mana da kaya ba. Wani saja ne ya rako shi, sunansa Ganin, hannun rigarsa na hagu a naɗe an kama da allura. Darakta ya so a shige da shi ofis shiru, shi kuwa ya ce a kai shi inda ake haɗa ta. Aka tsayar da layi, har mu na injuna muka taso.

Bai ɗaga murya ba. Da ya yi zagi ma da ya fi mini sauƙi.

"Ku gafarce ni, iyaye mata, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Bindigar nan taku ba ta da laifi. Ta kwana a laka, ta tashi ta yi aiki. Amma akwai wasu a cikinsu masu girman kai. Irin su na samu. Kyakkyawa, ba ta ko motsi, har yara suna yi mini hassada. A wani ƙauye, wanda yanzu babu shi, gidajen harsashina biyu suka ƙare. Na gefena ya riga ya daina buƙatar nasa. Na zaro nasa na kai bakin tawa, ya ƙi shiga. Na buga da tafin hannu, ya ƙi. Na ɗauki dutse. Ina cikin bugawa ne..." Ya dubi hannun rigar. "Akwatin nan duka irinta ne. Masu su ba su samu zuwa ba, sai ni."

Gleb ya sunkuya ya ɗauko ɗaya, ya zura babban yatsansa a bakin da gidan harsashi yake shiga, ya zagaya da shi a hankali. Sai ya rufe ido.

Na san yadda ake matse bakin da 'yar guduma, a bi wuyan gidan harsashi da magagari har su rungumi juna, a shafa baƙin mai ya rufe sawu. Kowace 'yar maƙerin Tula ta san wannan tun kafin ta iya kitso. Sani na ce na yi. Ban ce na ga wani yana yi ba.

A gida Baba ne ya fara. "Kawo mini guda ɗaya da ta ƙi nata gidan harsashin. Ɗaya tak."

"Maigida, yaƙi ne, ba farautar agwagwa ba! Mutum ba ya tsayawa neman nasa!"

"To sojan da ba ya tattalin kayansa..."

Gleb ya doki teburi har fitila ta yi tsalle. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa Baba murya ba. "Mutane sun mutu!"

Fuskar Baba ta yi fari fat. Ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa da sauri, irin yadda yake yi idan yana zaton ba a ganinsa. Sannan ya ce, "Ni ban kashe kowa ba. Shekara arba'in ban taɓa fitar da aikin kunya daga hannuna ba."

Babu wanda ya ci abinci. Na rufe tukunyar na ajiye a taga, gobe ma rana ce.

Juma'a, 22 ga Janairu, da rana

Masu bincike sun zo. An ba su ɗakin bene da ake ajiye tutoci.

Lahadi, 24 ga Janairu, da yamma

Shugabansu wani kyaftin ne, Rudnev, mai tsabtar farce da ladabin gaisuwa. Sun wuni suna auna bakin bindigogin akwatin. Duk sun fi na zane ƙuntata. Sawun hannu kuwa babu, wanda ya yi aikin ya iya. Don haka suka ce fallen ƙarfen ne ya yi siriri, yana lanƙwashewa da kansa, kuma wanda ya zaɓi kaurin ƙarfen shi zai yi bayani.

An tambayi Gleb a gaban darakta. Wai cewa ya yi, "Yana yiwuwa. Ku ba ni lokaci in duba."

Yana yiwuwa! Mutumin da ya yi wata uku yana jefo bindigar nan daga rufin sito, yana binne ta a taɓo, yana sa babbar mota ta taka ta, don ya tabbatar da kaurin nan. Ya san ƙarfensa fiye da yadda ya san ni.

Na tare shi a soro na ce, "Me ya sa ka ce haka?"

"Me kike so in ce?"

"Gaskiya."

"Wace ce a ciki?" Ya gyara mini gyale kamar ƙaramar yarinya. "Shiga ciki, Tasya, za ki yi mura."

Haushinsa nake ji har wuya. Haushin su biyun nake ji.

Talata, 26 ga Janairu, da yamma

Gleb bai dawo ba.

Laraba, 27 ga Janairu, da yamma

Bai dawo ba. Mai gadin ƙofa ya ce yana "taimaka wa bincike". Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Na zuba miya kwano uku da mantuwa. Baba ya dubi na ukun, ya ture nasa.

Na ce, "Baba, ka hau benen nan."

"In ce musu me? In ce na gyara?"

"Ka ce abin da ka sani."

"Za su auna, su ga zanensa ba shi da aibi, su sake shi. Suna buƙatarsa, yarinya. Wa zai zana musu wata? Kwana biyu ne."

"Idan ba su sake shi ba fa?"

Ya tashi ya shige bayan labule. Na ji gadon ya yi ƙara, na ji yana cire takalmi, na dama a hankali. Tsoro yake ji. Ubana, wanda na taso ina zaton ko ƙarfe tsoronsa yake, tsoro yake ji kamar kowa. Na so in tausaya masa, abin ya ƙi zuwa.

Alhamis, 28 ga Janairu, da rana

Aiki. Fallen ƙarfe ya shiga, inji ya sauko, rabin bindiga ya fito. Matan layi sun fara gaishe ni da ka, ba da baki ba.

Juma'a, 29 ga Janairu, da yamma

An bar ni na kai wa Gleb burodi da safa. A ƙaramin sito yake, ƙarƙashin benen, da soja a ƙofa. An karɓe masa tabarau, sai ya koma kamar yaron nan da ya fara zuwa shagonmu da kunnuwa a tsaye.

Ya leƙa fuskata kusa-kusa don ya gani sosai. "Kada ki yi abin da nake gani a fuskar nan."

"Ban ce zan yi komai ba."

"Tasya. Shi ya ɗauke ni daga titi. Shi ya koya mini yadda ake riƙe ƙarfe. Ni ko an tura ni wani wuri, teburin zane za a ba ni, da ɗumi da miya. Shi kuwa ba zai ga bazara ba."

"Wa ya ce maka teburin zane za a ba ka?"

"Haka ake yi."

"Haka ake yi wa wasu. Ni fa? Ka yi lissafi da ni?"

Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi. "Ke ai kin fi mu ƙarfi."

Kullum haka ake ce wa wadda za a ɗora wa kaya. Ɗaya yana da martabar sana'a, ɗaya yana da halacci, kowa ya rungume abinsa yana ji da shi. Ni aka bar wa gado mai sanyi da tukunya. Soja ya buga ƙofa, na fito.

Lahadi, 31 ga Janairu, da rana

Klava ta ja ni bayan tulin gawayi. Yau babu wasa a bakinta.

"Mijin ƙanwata ne yake tuƙa su. Ya ji suna cewa zagon ƙasa. Kin san abin da kalmar nan take nufi a lokacin yaƙi, ba sai na faɗa miki ba. Babu wani teburin zane, 'yar uwa. Mako mai zuwa za a wuce da shi birni."

Na jingina da bango. Ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Akwai kuma wata. Ni dai jaka ce, aikina danna ƙarfe, ban san komai ba. Amma jiya na bi ta layin haɗi, na ɗauki ɗaya daga teburin babanki na girgiza." "Har yanzu ba sa magana, Tasya."

Lahadi, da yamma

Na tambaye shi kai tsaye. Rabona da yi wa Baba magana a tsaye yana zaune, ban taɓa ba ma.

"Bayan sajan nan? Bayan an kama Gleb? Har yanzu?"

Ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu. "Ina ɗauko ta, in ji tana karkarwa, in ce yau zan bar ta ta wuce. Kafin in ankara na gama. Ta yaya zan miƙa wa ɗan mutane abin da yake rawa a hannu? Ke ma ki duba mana. Rawa fa take yi."

"An yi ta ne don ta yi rawa!"

"Ba a yin bindiga don ta yi rawa," in ji shi a hankali, kamar yana gyara wa yaro karatu.

Bai gane ba. Ya ji saja, ya ga akwatin, ya ga kujerar Gleb babu kowa, amma bai gane ba, kuma ba zai gane ba ko za a shekara. Gobe wasu akwatunan za su hau jirgi.

Litinin, 1 ga Fabrairu, da sassafe

Ban je ko'ina ba. Na je aiki.

Talata, 2 ga Fabrairu, da yamma

Na hau benen.

Ban yi niyyar rubuta wannan ba, amma idan ban rubuta ba zai yi ta juyawa a kaina.

Kyaftin Rudnev ya miƙe da na shiga, ya kira ni da cikakken sunana. "Taisiya Yefimovna, bismilla, zauna." Ya zuba mini shayi na gaske, da sukari. Rabona da sukari tun Tula. Na sha, ban ma san na sha ba sai da na ga ƙasan kofi.

Na faɗa masa 'yar guduma. Na faɗa masa baƙin mai. Na faɗa masa a takalmin wace ƙafa Baba yake ɓoye magagari. Yana saurare yana gyaɗa kai, bai rubuta komai ba, kamar tsohon labari nake ba shi. Sai tsoro ya kama ni cewa bai yarda ba, yana zaton mace ce kawai take neman ceton miji. Shi ya sa na ƙara.

Na ce, "Mijina ba shi da laifi ko kaɗan. Shi ya kafa allon hana magagari. Ya hana shi, ya roƙe shi, tun kaka yake roƙonsa ya daina."

A nan ne ya ɗauki alƙalami.

"Tun kaka," in ji shi.

Na ce ba haka nake nufi ba.

"A'a, kin faɗa daidai. Wato injiniya ya san abin da ake yi a layinsa tun kaka. Akwatunan da suka tafi tun daga lokacin, da saninsa suka tafi. Kuma da muka tambaye shi, ya ce mana ƙarfe ne." Yana rubutawa yana faɗa, a natse. "Kin taimaki ƙasa ƙwarai. A ƙara miki shayi?"

Na sauko. Lasifikar tsakar gida tana ta kiɗan soja, wai an yi babbar nasara a kudu, mata suna rungumar juna a cikin dusar ƙanƙara. Wata ta rungume ni ni ma.

Laraba, 3 ga Fabrairu, da rana

A bakin ƙofar masana'anta suka tare Baba, gaban kowa. Aka ce ya cire takalmin dama. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan ƙanƙara, yana dafa kafaɗar sojan don kada ya faɗi. Safarsa ni na ɗinke ta.

Bai waiwayo ba. An haɗa da tsofaffin nan biyu. Kafin tsakar rana an ɓamɓare hoton, sawun manne kawai ya rage a allo.

Alhamis, 4 ga Fabrairu, da yamma

Gleb bai dawo ba.

Asabar, 6 ga Fabrairu, da yamma

An buɗe duk akwatunan da ke sito. Ana girgiza kowace bindiga a kunne: mai kwaramniya ta wuce, mai shiru a ware ta gefe. An ce zane ba shi da aibi, za a ninka aiki, har wasu masana'antu za su fara yin irinta. An goge sunan Gleb daga ƙasan zanen, an sa lamba.

Klava ta kawo mini dankali a cikin gyale, ta ƙofar baya. Ta ce, "Da ni ce ma haka zan yi." Na ce ƙarya kike. Ta ce, "To ƙarya nake, ci dai." Ta zauna har na ci biyu.

Na yaye labulen. Ɗakin ashe babba ne.

Na yi ta juya maganar: da na tsaya a kan maganar takalmi, da na sha shayina na tashi. Kalma biyu ce kacal: tun kaka. Gleb ya ce kada in yi, Baba ya ƙi yi, ni na yi, kuma ban iya ba. Duk da haka idan aka mayar da ni ƙasan benen nan, ban san ko ba zan sake hawa ba, saboda akwatunan. Wannan ya fi komai ci mini rai, ko nadama cikakkiya ba a bar mini ba.

Litinin, 8 ga Fabrairu, da yamma

Motar ta fita da su da rana ta ƙofar gawayi, Baba da Gleb a baya, kafaɗa da kafaɗa. Ba a faɗi inda za a kai su ba, ban kuma tambaya ba. Kafin nan ga abin da aka yi.

Kyaftin yana son shaidu su ga yadda ake yin abin, don haka aka kawo su layin haɗi da safe. Aka kira darakta, da hafsan karɓar kaya, da ni, tunda ni ce mai shaida. An mayar wa Gleb tabaransa. Ya dube ni sau ɗaya. Ba fushi na gani ba, gajiya ce, sannan ya mayar da idonsa kan teburi.

Aka ajiye wa Baba sabuwar bindiga, da 'yar guduma, da magagarinsa. Ya rame cikin kwanakin nan, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ya ɗauki magagarin ya juya shi a hannu. Ya girgiza bindigar a kunnensa, ya yamutsa fuska. Ya ƙwanƙwasa bakin nan da can, ya ɗauko gidan harsashi ya shafa wuyansa da yatsa. Duk layin ya zuba masa ido, har matan walda sun ɗaga tabaransu. Na rantse babu wanda bai ga kyan aikin ba, har kyaftin.

Ya tura, ƙas. Ya miƙa wa hafsan da hannu biyu.

Kyaftin ya ce wa Gleb, "Injiniya, gwada wani." Gleb ya ɗauko wani gidan harsashi daga tuli, ya kai bakin. Ya ƙi shiga.

"To ai ba nata ba ne," in ji Baba. "Kawo nan, yaro, kada ka ɓata mata baki."

Gleb ya miƙa masa. "Ga shi, maigida."

"Ya isa haka," in ji kyaftin. "Mun gani."

Amma Baba ya riga ya sunkuya a kan na biyun, ai kowace bindiga biyu take tafiya da su, ba zai bar ta da ɗaya ba. Babu wanda ya iya hana shi. Ni kuwa ban san lokacin da na matso ba, har na zo daf da teburin, tsakaninsa da taga. Na shirya abin da zan ce masa tun ranar Laraba. Na buɗe baki na ce, "Baba."

Bai ɗago ba. Magagarin yana tafiya, garin ƙarfe yana zuba a kan yatsunsa.

"Matsa, Tasya," in ji shi. "Kin tare mini haske."

Na matsa.